Ganye Biyu da Toho Ɗaya: Gwanintar Masu Shayi a Tsaunukan Siri Lanka

Itacen shayi, da za a ƙyale shi ya yi yadda ya ga dama, bishiya ce sosai. Yakan miƙe ya kai mita goma ko fiye, ya yi farin fure, ya zuba 'ya'ya, ganyensa ya yi kauri ya tsufa a jikinsa. A tsaunukan tsakiyar tsibirin Siri Lanka ba a ba shi wannan dama. Datse shi ake yi daidai ƙugun mutum, a baje samansa ya zama bai ɗaya, sannan kusan duk mako a zo a tsinke sabon tohon da ya fitar. Shi kuwa ba ya daddara, sai ya sake fitar da wani. A kan wannan ja-in-ja tsakanin itace da hannun ɗan Adam aka gina sana'ar da tsibirin ke taƙama da ita fiye da shekara 150.

Wanda yake son ganin gonakin da kyau, jirgin ƙasa ya kamata ya shiga. Daga Kolombo a bakin teku ake tashi cikin zafi da gumi, a ratsa fadamun shinkafa da gonakin kwakwa, sannan a fara hawa. Da an wuce yankin Kandi iska sai ta sauya. Jirgin yana tafiyar hawainiya yana zagaya duwatsu, yana kutsawa cikin ramukan da aka fafe a jikin tsauni, ya bi ta Haton da Talawakele da Nanu Oya, ya gangara Haputale har Badulla. Duk inda ido ya kai, kore ne shar, layi bisa layi, kowane layi ya bi kwanciyar tudun don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Jefi-jefi ga dogayen bishiyoyi da aka shuka da gangan don su tace rana su kuma rage ƙarfin iska. Can a gangare kuma za ka hango ɗige-ɗige masu launi suna motsi a hankali: matan da ke tsinkar ganye ne.

Masu sana'ar sun kasa shayin tsibirin gida uku bisa tsayin wurin da ya fito. Daga bakin teku zuwa mita 600 shayin ƙasa ne. Daga nan zuwa mita 1,200 na tsakiya. Abin da ya haura haka shi ne shayin tudu, kuma garin Nuwara Eliya, wanda ya haura mita 1,800, shi ne kan gaba a wannan rukuni. A ƙasa, inda ake zafi da laima, itacen yana saurin girma, shayinsa ya fito baƙi mai kauri mai ƙarfi. A sama sanyi yana riƙe shi, tohon ya daɗe kafin ya buɗe, ruwan shayin ya fito garai-garai, launinsa ba duhu, ƙamshinsa kuwa ya cika ɗaki. Wannan dalili na sanyi da yawan ruwan sama shi ya sa a Nijeriya ma sai da aka hau tsaunin Mambila, a Kakara ta jihar Taraba, kafin aka sami inda shayi zai zauna.

Asali ma ba shayi aka sare dazukan nan dominsa ba. Gahawa Turawan Ingila suka shuka, lokacin ana kiran tsibirin Silon, kuma tana yi musu riba, sai ga shi a 1869 wata cuta mai sa ganye ya yi tsatsa ta ɓulla. Kafin shekara ashirin ta gama da gonakin gahawa kusan kakaf. Allah Ya sa tun 1867 wani mutumin Sukotlan mai suna James Taylor, wanda ya zo tsibirin a 1852 yana matashi, ya shuka shayi a eka 19 a gonar Lulkandura, kudu da Kandi. Da hannu yake murza ganyen a kan tebur a barandar gidansa, ya gasa shi a murhun yumɓu da gawayi, yana gwadawa yana gyarawa, har ya gina ƙaramar masana'anta a 1872. Da gahawa ta mutu, manoman da suka rage suka bi sawunsa. A 1890 wani ɗan kasuwa daga Gilasgo, Thomas Lipton, ya zo ya sayi gonaki, ciki har da Dambatenne kusa da Haputale, ya riƙa ƙulla shayin a ƙananan fakiti yana sayar wa talakawan Birtaniya da araha. Sunansa ne har yau yake kan teburin mai shayi a Kano da Maraɗi, ko da yake abin da ke cikin jakar yanzu gauraye ne daga ƙasashe da dama.

To, mu koma gangaren nan inda mata suke aiki, domin a can ne ake yanke wa shayi hukunci.

Ƙa'idar a baki ba wuya: ganye biyu da toho ɗaya. Wato a kan kowane sabon reshe, a ɗauki tohon da bai buɗe ba tare da ganye biyu masu laushi da ke biye da shi. A nan ne itacen ya tara sinadaran da ke ba shayi ɗanɗano da bauri da kuma abin da ke wartsake mai sha. Ganye na uku da na huɗu sun fara tauri, zare ya yi musu yawa, in suka shiga kwando sai su raunana shayin. Amma faɗin ƙa'ida daban, aiki da ita a kan gangaren da tsayuwa ma sai da dabara daban. Mai tsinka tana tsaye tsakanin layuka, itatuwa sun matse ta ta kowane gefe, buhu ko kwando yana rataye a bayanta da igiyar da ta ɗaura a ka. Hannayenta biyu suna aiki lokaci guda, kowanne da nasa reshen. Babban yatsa da manuni su kama karan daidai inda yake da taushi, su karya shi ɗas, ba ja ba fizga. In tafin hannu ya cika ta watsa ta bayan kafaɗa ba tare da ta waiwaya ba. Ba ta dunƙule ganyen da ƙarfi, don wanda ya murje a hannu tun a gona zai fara ja, kafin ya isa masana'anta ya lalace.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne yawan shawarar da take yankewa a cikin ƙiftawar ido. Wannan reshe ya kai, a ɗauka. Wancan bai kai ba, a bar shi sai zagaye na gaba, in an ɗauke shi yau an yi asarar nauyin da zai yi nan da mako. Ga wani tohon da ya tsaya ya ƙi girma, wanda a gonakin suke kira banji. Shi dole a cire shi, in ba haka ba reshen zai yi kwance ya daina fitar da sabo. Ga kuma ganyen ƙasa da dole a bari a jikin itacen, domin da shi yake ciyar da kansa. Mai haɗama da ta tsinke har ƙasa ta cika kwandonta yau, ta kashe amfanin wata mai zuwa. Sannan saman itacen ya zauna a miƙe. Shi ya sa za ka ga doguwar sanda a kwance a kan itatuwan gabanta: duk abin da ya ɗago sama da sandar nata ne, abin da ke ƙasa na itacen ne. Gonar da ƙwararru ke tsinka, daga nesa ma ana gane ta, don samanta sumul yake.

A yawancin manyan gonaki ana sa ran mace ta kawo kilo 15 zuwa 20 na ɗanyen ganye a rana. Toho ɗaya da ganyensa biyu bai cika kai giram ɗaya ba. Kowa ya yi lissafi ya ga sau dubu nawa yatsun nan suke kamawa su karya kafin la'asar, cikin yayyafi da hazo, ga matsattsaku a cikin ciyawa lokacin damina. Sau biyu ko uku a rana ake taruwa wurin sikeli, a auna, a rubuta, a baje ganyen a tsince wanda bai dace ba, sannan a loda shi sakwa-sakwa a kai masana'anta da hanzari. In aka danna shi a buhu ya daɗe, zafi yake ɗauka daga ciki.

Maza su ke da aikin datsa da gyaran magudanan ruwa da zuba taki. Duk bayan shekara uku zuwa biyar, gwargwadon tsayin wurin, ana sare itacen a mayar da shi kusan gwiwa, ya zama ƙirare ba ganye, don ya sake fitowa da ƙarfi. Sababbin gonaki kuwa ba da iri ake shuka su ba. Reshe ake yanka daga zaɓaɓɓen itace a rene shi, yawanci daga nau'o'in da Cibiyar Binciken Shayi, wadda aka kafa a 1925 take kuma Talawakele, ta tace. Itacen da ake kwashe wa ganye duk mako mayunwaci ne. An ga haka ƙarara a 2021, da gwamnati ta hana shigo da takin zamani na wasu watanni: ƙasar da ta saba fitar da wajen kilo miliyan 300 a shekara, a 2022 abin da ta samu bai wuce kusan miliyan 250 ba.

Masana'antar shayi a tudu gini ne dogo mai hawa uku ko huɗu, jikinsa kwano, tagogi reras. Benayen sama na yaushi ne. A can ake baje ganye a cikin dogayen kwatamai masu ragar waya a ƙasa, manyan fankoki suna hura iska ta ƙarƙashi, awa 12 zuwa 18. Ganyen da aka tsinko kusan kashi uku cikin huɗu na jikinsa ruwa ne, in ka lanƙwasa shi karyewa zai yi. So ake ya saki ruwa ya yi laushi har ya jure murza, kuma a tsawon wannan dare ƙamshinsa yana juyawa daga na ɗanyar ciyawa zuwa wani abu mai daɗi da ya fi kusa da na 'ya'yan itace. Babu agogon da zai faɗi lokacin da ya isa, domin ganyen ranar ruwa daban yake da na ranar rani, iskar daren jiya daban da ta yau. Shugaban masu haɗa shayi shi ke tashi cikin dare ya bi kwatamai ɗaya bayan ɗaya. Ya damƙi ganye cike da hannu ya matse, ya buɗe. In dunƙulen ya watse nan take, da saura. In ya zauna a dunƙule yana saki a hankali, karan kuma ya lanƙwasu bai karye ba, to ya yi. In iska ta yi laima da yawa ya sa a ɗan ɗumama ta, amma da taka-tsantsan, don zafi kaɗan ya wuce kima sai ganyen ya bushe ta baki cikinsa ɗanye. Wannan ne ya sa a masana'antu da yawa aikin gaske tun kafin asuba yake farawa, baƙon da ya zo da hantsi sai ya tarar an kusa gamawa.

Daga bene ake zuro ganyen ta wata kafa zuwa injinan murza a ƙasa. Kowanne babban faranti ne mai tudu-tudu a fuskarsa, da wata tukunya marar gindi da ke juyawa a kansa tana danna ganyen tana nannaɗe shi. Wasu injinan tun zamanin Turawa suke aiki. Murzar tana fasa ƙwayoyin ganyen, ruwan cikinsa ya fito ya shafe jikinsa. Bayan kamar minti ashirin zuwa talatin a sauke, a warware curin, a tankaɗe; mai laushin da ya faɗo a ware shi, ragowar a mayar inji, haka har sau uku ko huɗu. Nawa za a danna, yaushe za a sassauta don kada zafi ya taru, duk hukuncin mai aiki ne. Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma ita Siri Lanka ta riƙe a mafi yawan shayinta, alhali ƙasashe irin su Kenya sun fi amfani da injin CTC, wanda ke yayyanka ganyen ya mulmula shi ƙanana-ƙanana don shayin jaka.

Sai mataki mafi hatsari, wanda kuma ido ba ya ganin ana yin komai a cikinsa. Ana shimfiɗa murzajjen ganyen, kaurin 'yan yatsu, a kan tebura masu tayil a ɗaki mai sanyi da laima, a bar shi ya sha iska. Duk wanda ya taɓa fasa farin goro ya ajiye ya ga yadda fuskarsa ke rikiɗa ta yi ja, ya san abin da ke faruwa a nan: sinadaran da ke ɓoye a cikin ganyen sun haɗu da iska, suna sauya launi da ɗanɗano. Kore ya koma ruwan tagulla. Da farko sinadaran da ke ba shayi haske da kaifi a harshe ne suke samuwa. In aka ci gaba, sai su riƙa juyewa zuwa waɗanda ke ba shi duhu da kauri. Gwaninta ita ce a tsayar da abin a daidai inda biyun suka yi daidai da irin shayin da ake nema. Yakan ɗauki awa ɗaya zuwa uku, amma tazarar da ke tsakanin shayi na ƙwarai da na banza ba ta fi 'yan mintuna ba. A ɗauke da wuri, ya fito da ɗanyen ɗaci mai kartar maƙogwaro. A makara, ya fito lami, ba kaifi ba ƙamshi. Mai haɗa shayi yana zagayawa yana ɗiba yana kai wa hanci, yana jiran wani ƙamshi da ke tasowa ya kai ƙololuwa kafin ya fara dushewa. Wannan hanci ba a makaranta ake samun sa ba, shekaru ne a ɗaki ɗaya da ganyen gona ɗaya.

A nan ne kuma baƙin shayi ya rabu da kore. Itacen ɗaya ne. Koren shayin ƙasar Sin da ake dafawa a ƙaramar buta a Agadas da Damagaram, tun yana ɗanye ake ba shi wuta don a hana shi wannan sauyi, shi ya sa ya zauna da launinsa da ɗacinsa.

Da hanci ya ce ya isa, sai wuta. Ganyen ya bi ta cikin na'urar busarwa, iska mai zafin da ya kai na tafasasshen ruwa ko kusa da haka tana ratsa shi na wajen minti ashirin. Zafin ya tsayar da sauyin cak, ya kore ruwan har ya rage kamar kashi 3 cikin 100. Ya fito baƙi, a murɗe, yana ƙamshi. Wuta ta yi yawa a ji ƙauri a kofi, ta yi kaɗan shayin ya yi fumfuna a hanya. Kilo huɗu zuwa huɗu da rabi na ɗanyen ganye ne ke ba da kilo ɗaya, kuma daga tsinka zuwa nan duka kwana ɗaya ne.

Abin da ya rage tankaɗe ne da tsince kara. Rariya iri-iri suna raba shi bisa girma: dogon ganye mai lamba OP, karyayye BOP, wanda ya fi shi ƙanƙanta BOPF, sai gari. Haruffan girman ƙwaya kawai suke nunawa; garin gona mai kyau ya fi dogon ganyen gonar da aka yi wa sakaci.

Kowace rana sai an ɗanɗana abin da aka yi. Ana jera fararen kofunan tangaran masu murfi, a auna shayi daidai wa daida, giram biyu ga kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a rufe minti shida, a tsiyaye a ƙananan kwanoni, a juye jiƙaƙƙen ganyen a kan murfi. Mai ɗanɗano ya dubi busasshen, ya dubi jiƙaƙƙen ko ya yi jan tagulla mai haske, sannan ya ɗebi ruwan a cokali ya zuƙe shi da ƙara don ya watsu ko'ina a baki, ya tofar. Daga kurɓi ɗaya zai ce yaushin jiya bai kai ba, ko an bar ganye ya yi zafi a inji, ko wuta ta yi yawa. Dillalan Kolombo, inda ake gwanjon shayi tun 1883 kuma har yau duk mako ake yi, su ma haka suke bin ɗaruruwan kofuna kafin su sa farashi. Su ne suka san wanda zai tafi Iraƙi da Turkiyya da Rasha da Libiya, inda ake son baƙin shayin ƙasa mai ƙarfi, da wanda za a ware wa masu neman ƙamshin tudu.

Shi ƙamshin nan ma lokaci gare shi. Tsaunukan sun raba tsibirin biyu, damina kuma biyu ce, kowacce da gefen da take sauka. Yankin Dimbula da ke yamma yana ba da shayinsa mafi kyau daga Janairu zuwa Maris, lokacin da sama ta washe, dare ya yi sanyi. Yankin Uba da ke gabas sai daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da busasshiyar iska ke kaɗawa ta takura itacen har ganyensa ya ɗan naɗe. Amfanin gona yana raguwa a makonnin nan, amma ɗan abin da aka samu yana zuwa da wani ƙamshi mai sanyaya hanci da ba a samun sa a wani wuri, masu saye kuma suna rububinsa. Mai haɗa shayi a Uba yakan sauya tsarinsa gaba ɗaya saboda waɗannan makonni, ya taƙaita shan iska don kada ƙamshin ya gudu.

Ba zai yiwu a yaba wannan aiki a yi shiru game da masu yin sa ba. Yawancin ma'aikatan manyan gonakin tudu Tamil ne, jikokin waɗanda Turawa suka kwaso daga kudancin Indiya tun zamanin gahawa. Da tsibirin ya sami 'yancin kai a 1948, dokar zama ɗan ƙasa ta wannan shekara ta bar mafi yawansu ba ƙasa. Yarjejeniyar 1964 tsakanin Silon da Indiya ta sa aka mayar da dubban ɗaruruwa Indiya, ƙasar da da yawansu ba su taɓa gani ba, kuma sai a 2003 aka ba ragowar takardar zama 'yan ƙasa. Har yanzu iyalai da yawa suna zaune a dogayen gidajen nan na ɗaki ɗai-ɗai da aka gina tun zamanin mulkin mallaka. Sai a 2021 ladan yini ya kai rupi 1,000, bayan shekaru ana fafutuka. Ni dai ina ganin gwanintar da ke cikin yatsun matan nan ba ta gaza ta mai ɗanɗanon da ke Kolombo ba, kuma ladan da ake ba su bai yi kusa da nuna haka ba.

'Ya'yansu sun ga wannan, da yawa suna barin gona su tafi birni ko ƙasashen Larabawa neman aiki. Yau mafi yawan shayin tsibirin, fiye da kashi biyu cikin uku, daga ƙananan manoma yake fitowa, musamman a kudu, masu eka ɗaya ko biyu da suke tsinka da iyalinsu su sayar wa masana'anta ɗanye. Manyan gonakin da suka rasa hannu kuwa sun fara komawa ga almakashi mai jaka da ƙananan injinan yanka. Suna da sauri, amma ba sa bambance tohon da ya kai da wanda bai kai ba, ba sa tsallake tsohon ganye. A ɗakin ɗanɗano ba sai an gaya wa dillali wace gona ce ta koma almakashi ba: guntayen kara da tsohon ganye suna nan a kan murfin kofi, kuma da su yake yanka farashi.